Ranar da Aka Auna Takwarata da Takarda

Mu shida ne a tsakar gidan nan na Unguwar Kanawa a ranar, wata Lahadi bayan la'asar, washegari za a koma makaranta. Akwai ni. Akwai 'yar farina wadda duk kuke kira Yaya. Sunanta na yanka Rabi za ta sa a nan da hannunta, don bakina bai saba da shi ba: Halima. Akwai mijinta Malam Isiyaku, wanda a lokacin akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati. Akwai 'yarsu Ummi, takwarata, tana da shekara goma. Akwai autata Rabi, ita ce ke rubuta abin da nake faɗa yanzu, tunda ni ban taɓa zama a aji ba. Ta shida baƙuwa ce, Malama Hassana, malamar ajin su Ummi a can Katabu, yarinya siririya da ba ta daɗe da gama kwalejin horar da malamai ba. Ban da mu babu kowa. Duk wanda ya ba ku labarin ranar nan, in ba ya cikin shidan, ji ya yi.

Abin da ya sa na ce a rubuta, na ji abin da ake faɗa a bayana. Wai Inna ta kori Ummi daga gidanta saboda ba ta iya jure surutun yaro. A sunan ɗan Rabi da kunnena na ji wata jikata tana tsorata ƙanwarta, tana cewa ki yi shiru ko Inna ta kore ki kamar yadda ta kori Anti Ummi. Ni ba na gardama da yara. Amma ba na so in mutu in bar muku labarin a karkace.

Ku da kuka tashi a hannuna kun san sana'ata, kayan gara: alkaki, nakiya, dubulan. Tun kafin a haifi yawancinku nake sayo alkama a Babbar Kasuwa, in kai barza, in kwaɓa, in soya wa amaren unguwar nan. Yadda na koya kuwa, uwata ba ta taɓa yi mini bayani ko na kalma guda ba. Za ta zaunar da ni a gefenta ta ci gaba da aikinta, in na naɗa daidai ta sa a faranti, in na ɓata ta make mini hannu ta murje ta mayar cikin kwaɓi. Haka na iya, haka kuma na koya muku. A wurina yaro mai hankali shi ne wanda ya rufe baki ya buɗe ido. Da ido na yi tarbiyyarku. In baƙo ya miƙa muku abu, fuskata kuke dubawa kafin ku miƙa hannu. Na yi alfahari da wannan shekara da shekaru, har mata na turo 'ya'yansu su ga yadda gidan Inna yake tsit.

Uku daga cikin 'ya'yana mata sun iya sana'ar ta wannan hanya. Yaya ce kaɗai ba ta iya ba. Ita kuma, kun sani, 'yar fari ce, akwai kunya tsakaninmu. Ba na kiran sunanta, ba na zama hira da ita, in zan aike ta sai in ce da ƙanwarta, gaya wa waccan ta je. Haka aka yi mini, haka na ga ana yi, ban taɓa ɗaukarsa ƙiyayya ba. Tana ƙarama yarinya ce mai tambaya. Inna, me ya sa ake barin kwaɓin ya kwana? Inna, me kanwa take yi a ciki? Sai in yi kamar ban ji ba, ko in ɗago in dube ta sau ɗaya. Da ta kai shekara goma sha biyu ta daina tambaya, ta kuma daina zama kusa da kasko. Na yanke a raina cewa hannunta a mace yake. A makarantar boko ma ba ta yi nisa ba, da ta gama firamare mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya duba sakamakon ya ce ta zauna haka nan. Ta zauna.

To, a shekarar da nake ba ku labari, Ummi ta maimaita aji huɗu, kuma a maimaicin ma tana can ƙasa. Kullum sunanta na cikin masu surutu, kullum ana zane ta. Malamin da ya riƙe su kafin Malama Hassana ya ce da ubanta yarinyar ba ta da natsuwa, ana rubutu a allo ita tana ƙus-ƙus ita kaɗai. Malam Isiyaku mutum ne mai son tsari, ya ga 'ya'yan abokan aikinsa suna zuwa na ɗaya da na biyu, abin ya ci masa rai. Da aka yi dogon hutu sai ya kawo mini ita da jakar kayanta, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce:

"Inna, ga takwararki. Boko dai ya ƙi. In Allah ya yarda ta zauna nan gaba ɗaya, ta riƙa zuwa Islamiyya, ta koyi sana'a a hannunki. Gara ta tashi da abin yi."

Na ce Allah ya yi mana jagora. Fuskata ba ta nuna komai ba, amma zan faɗa muku gaskiya, tun rasuwar mahaifinku ban ji daɗi irin na ranar ba. Gidan ya yi mini girma. Rabi na makarantar kwana, sai hutu take zuwa. Da la'asar sai ni da kaji da rediyo. Ga shi an kawo mini yarinya mai sunana, za ta kwana a ɗakina, za ta gaji sana'ata.

Makonni biyun farko na zaunar da ita a gefena kamar yadda na saba. Ta zuba ido har hawaye na taruwa saboda hayaƙi, amma in ta ɗauki kwaɓi sai ta naɗa wani abu kamar kashin akuya. Na murje, ta sake, na murje. Leɓɓanta na motsi, in na dube ta sai ta haɗiye maganar. Na ce a raina, uwar ce sak.

Sai dai ni mai lura ce, wannan ko maƙiyina ya sani. Na lura in ta dawo daga Islamiyya, inda ake biya karatu da ƙarfi, ba ta buɗe littafi amma haddarta ba ta tuntuɓe. Na lura wata mata ta zo daga Kawo ta lissafa abin da take so na bikin 'yarta, faranti kaza na wannan, kwano kaza na wancan, kada a sa citta da yawa a nakiya don uwar ango ba ta so, a kai gidan da ke bayan masallaci ba na kan kwana ba. Bayan kwana uku na manta rabi. Ummi tana shara ta maimaita mini duka, har da tarin da matar ta yi a tsakiya. Wata rana kuma na idar da sallar walaha na ji murya a bayan ɗakin girki. Na leƙa ta taga. Ummi ce, ta jera murafan kwalaben lemo a ƙasa, ta ba kowanne suna, tana koya musu yadda ake raba goro goma sha biyu ga mutum huɗu. Tana tambaya, tana ba kanta amsa da wata murya, tana cewa a'a Talatu, sake tunani. Lissafin da aka ce ba ta iya ba, ga shi tana yi wa murfin kwalba bayaninsa daidai. Da ta ji motsina ta tattare su cikin siket kamar wadda aka kama da sata.

Abin da ya buɗe mini ido gaba ɗaya ƙuna ce. A mako na huɗu mai ya fantsamo mini a hannun dama, yatsu uku suka tashi. Ga kwaɓin alkaki ya kwana ya tashi, an sa kanwa, ba ya jira. Rabi ta tafi Tudun Wada gaisuwa. Daga ni sai yarinyar. Ba yadda zan nuna mata da hannu, dole na buɗe baki, abin da ban taɓa yi wa kowa ba a kan kwaɓi.

"Takwara, gutsuro kamar ƙwan zabo. Murza a tire har ya yi tsawon tafin hannunki. Naɗa a yatsu biyu, sau biyu. Cusa bakin ta tsakiya. Danne."

Ta dube ni ta ce, "Inna, in faɗa da bakina?"

Na ce, "Faɗi, in dai za ki yi."

Sai ta fara, a hankali, kamar mai biya karatu: gutsura, murza, naɗa, naɗa, cusa, danne. Na farko ya karkace. Na biyu ya tsaya. Kafin na goma ba za ka bambanta nata da nawa ba. Tana yi tana tambaya, me ya sa sau biyu, me zai faru in ya yi siriri, ni kuma saboda azabar hannu na manta da tsare gida ina ba ta amsa. Ta cika tire uku kafin azahar. Ina zaune ina kallonta da hannuna cikin ruwan sanyi, sai na ga kamar wata yarinya ce daban a wurin, shekara talatin baya, a kan wannan kujerar, tana tambayata me kanwa take yi. Ranar ban iya cin abinci ba.

Ga inda laifina yake, kuma shi ne ainihin abin da nake so ku sani. Na gane yarinyar nan ƙalau take. Na gane kanta ta kunne da baki yake buɗewa, sai ta ji, ta maimaita, ta tambaya, sannan abu ya zauna. Na gane a aji ana dukanta ne a kan abin da take koyo da shi. Amma ban gaya wa kowa ba. Yaya ta zo dubiyar hannuna, ta ga alkakin, ta ce wa ya naɗa, na ce da Rabi gaya mata takwarata ce, na ja bakina. Na bar su su ɗauka sana'a ce ta karɓe ta. Ina so ta zauna.

Yaya ce ta roƙi mijinta ya bari sabuwar malamar ta zo kafin a yanke magana. Ita Malama Hassana ta riƙe ajin wata biyu kacal kafin hutu, ta aiko har sau biyu cewa kada a cire yarinyar. Shi ya kawo mu ranar Lahadin nan. Na shimfiɗa musu tabarma a inuwar mangwaro, Malam Isiyaku ya zauna can nesa da ni a kan benci kamar yadda suruki ke yi, Rabi ta kawo ruwa da alkaki. Malama ta ciro takarda daga jakarta ta ce:

"Mama, a kwaleji an koya mana cewa masana sun lura ba duka yara ke son koyo ta hanya ɗaya ba. Wani ya fi gane abu in ya gani, kamar zane ko hoto. Wani in ya ji an faɗa, ya tattauna. Wani sai ya karanta ya rubuta. Wani kuma sai ya taɓa da hannu ya gwada. Wannan takarda tambayoyi ne, in Ummi ta amsa za mu ga inda ta fi karkata, sai in san yadda zan taimake ta."

Malam Isiyaku ya gyara zama. Shi mutumin ofis ne, abin da ke kan takarda yana da daraja a wurinsa. Ya ce, "Madalla. Haka ake so, a bi abu a ilmance."

Aka zaunar da Ummi a tsakiya, ta tanƙwashe ƙafa. Ni ina bayan Malama, fuskata na kallon yarinyar. Malama ta karanta ta fassara mata.

"In za ki je gidan da ba ki sani ba, kin fi so a zana miki hanya, ko a faɗa miki, ko a rubuta miki, ko a kama hannunki a kai ki?"

Ummi ta ɗago ta dube ni. Wallahi ban yi mata alama ba, fuskata ce dai da kuka sani. Ta sunkuyar da kai ta ce, "A kai ni."

"In an sayo sabon abin wasa, me kike fara yi? Ki duba hoton kwalin, ko ki tambayi wani, ko ki fara gwadawa?"

Ta sake dubana. "In gwada."

"In kina so ki tuna abu, kina faɗarsa da baki?"

Wannan karon ta daɗe tana kallona. Ta ce, "A'a. Surutu ba kyau."

Haka aka yi ta yi, tambaya wajen goma sha biyar. Kowace sai ta nemi amsar a fuskata kafin ta ba Malama. Ta san abin da ake yabo a gidan Inna, hannu mai aiki da baki a rufe, shi ta riƙa zaɓa. Malama idonta na kan takarda tana sa alama, uban yana kallon alƙalamin, babu wanda ya ga inda yarinyar ke ɗauko amsoshin sai ni. Da aka gama Malama ta ƙirga ta ce kusan duka sun faɗa wajen koyo da hannu.

Malam Isiyaku ya tafa hannu sau ɗaya ya ce, "To, Alhamdu lillahi. Abin da na faɗa tun farko ke nan. Takarda ma ta ce 'yar aikin hannu ce. Ga ta a gidan aikin hannu. Magana ta ƙare."

Malama ta ruɗe. Ta ce, "A'a Baban Ummi, ba haka ake nufi ba. Ba hukunci ba ne, abin da yaro ya ce ya fi so ne kawai. Ko malaman da suka koya mana sun ce masana ba su haɗu a kan rabon nan ba, wasu na cewa darasin ne ke zaɓar hanyarsa, kuma yaro ya fi amfana in an haɗa masa hanyoyi. Ba a cire yaro daga makaranta saboda wannan."

Ya yi murmushi irin na manya ya ce, "Malama, ke kika kawo ma'auni, kin auna, kuma yanzu ki ce kada a duba abin da ya nuna?"

Ta shiga juya takardar a hannu. Ni kuwa ina zaune, abin da nake so ya zo har cinyata ba tare da na roƙa ba. In na yi shiru na minti biyu, shi ke nan, takwarata ta zama tawa. Kuma na yi niyyar yin shirun. Sai Yaya ta yi magana. Tun da aka zauna tana gefe tana murza bakin mayafinta. Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, ba ta dubi kowa ba:

"Malama, ki yi haƙuri mun wahalar da ke. Kada a ga laifin yarinyar, ni ta gado. Ni ma haka nake, ban taɓa iya komai ba. Inna ta sani. Ita dai ta fi ni, tunda ko alkakin ta iya."

Ta faɗe shi ba da fushi ba, kamar mai faɗin ranar kasuwa. Mace mai shekara arba'in da 'ya'ya biyar, wadda ke riƙe da gidanta tsaf, wadda duk matan layinsu ke kawo wa ƙara don ta iya sauraro ta iya sasanci. Ashe abin da take ɗauke da shi ke nan tun tana yarinya, kuma ni na ɗora mata. Na dubi Ummi, na ga tana kallon uwarta tana gyaɗa kai a hankali, tana karɓar maganar tana adanawa, yadda take adana duk abin da ta ji.

Ban san lokacin da na ce, "Takardar nan ƙarya aka gaya mata."

Kowa ya juyo. Tun da Malam Isiyaku ya auri 'yata ban taɓa yi masa doguwar magana ido da ido ba. Ranar na yi. Na ce:

"Malam, yarinyar nan ba Malama take ba amsa ba, ni take ba. Kowace tambaya sai ta duba fuskata. Ni na koya wa uwarta haka, uwarta ta koya mata. In kana so ka san yadda yaro ke koyo, ba a gaban kakarsa ake tambayarsa ba. Ka laɓe ka ga abin da yake yi in ya ɗauka babu mai kallonsa."

Na ba su labarin murafan lemo, da saƙon matar Kawo, da ranar ƙuna. Na ce da Ummi ta tashi ta raba mana goro goma sha takwas ga mutum shida da ke wurin, amma da ƙarfi, yadda take yi wa Talatu. Ta zaro ido don ba ta san na san Talatu ba. Rabi ta tuntsire da dariya ta ce, "Yi mana, Malama Ummi, ga ɗalibai sun taru." Yarinyar ta fara, tana tambaya tana amsawa, har ta kai uku-uku. Malama ta ba ta wani lissafin, mai saura, ta yi magana da kanta har ta fito da shi. Malama ta rufe baki da takardar ta ce, "Innalillahi, wannan ce aka yi ta duka."

Malam Isiyaku bai ji daɗi ba, an ƙaryata shi a gaban baƙuwa. Ya ce, "To Inna, tunda kin san haka tun makonni biyu, me ya hana ki faɗa?"

Tambaya ce mai kyau, kuma ya cancanci amsa. Na ce, "Son kai. Ina so ta zauna da ni."

Daga nan na juya wajen Yaya. Ban bi ta bakin Rabi ba, ban ce a gaya wa waccan ba. Na dube ta na ce:

"Ke kuma ki daina cewa ba ki iya komai ba. Kin yi ta tambayata ban amsa miki ba. Kanwa tana kashe tsamin kwaɓi ne, ta sa ya yi laushi. Abin da kika tambaye ni ke nan. Da na gaya miki tun lokacin, da kin fi duk ƙannenki. Ki yafe mini."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Kaji na ta tsattsagar ɓarɓashin alkaki a bakin tabarma. Can ta ce daga cikin mayafin, "Haba Inna. Haba Inna." Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan, ni ma ban ƙara ba, don ba mu saba ba.

Kafin magariba Malam Isiyaku ya ce a ɗauko jakar yarinyar. Ummi ta riƙe ƙofar ɗakina tana kuka, tana cewa me ta yi, za ta daina surutu, wallahi za ta daina. Ina jin daga nan labarin kora ya samo asali, don maƙwabta sun ji kukan, sun kuma ga an fita da jaka. Na ɓamɓare yatsunta daga ƙofar da hannuna mai ƙuna. Ban rarrashe ta ba, ban iya ba, in na buɗe baki a lokacin ni ma kukan zan yi. Na ce kawai ta bi ubanta.

Kada ku ɗauka daga ranar komai ya zama zuma. Malam Isiyaku ya yi wata uku bai tako gidan nan ba, sai dai ya aiko da gaisuwa. Ummi ba ta zama ta ɗaya ba, ba ta taɓa zama ba. Ta dai bar ƙasa ta hau tsakiya, ta wuce ajinta, ta ci gaba, kuma rubutu sai da ta zauna ta koye shi da wahala kamar kowa, don akwai abin da baki ba ya yi wa mutum. Sana'ata kuwa babu jikar da ta gada. Gidan ya koma yadda yake, ni da kaji da rediyo. Na san farashin tun kafin in buɗe baki, kuma in aka mayar da ni ranar zan sake buɗewa, sai dai da na buɗe tun makonni biyu kafin nan.

Washegari Litinin, da na idar da sallar asuba na yi wanka na sa atamfata ta zuwa biki. Na hau Keke Napep zuwa Kawo, na shiga motar Katabu, na tambayi hanyar makarantar har sau uku. A bakin ƙofa mai gadi ya tare ni ya ce, "Mama, wa kike nema?" Na ce ajin Malama Hassana. Ya nuna mini da sanda. Tun da aka haife ni ranar na fara taka cikin makarantar boko. Malama ta fito da sauri ta durƙusa. Na ce mata abu biyu na zo roƙo: a cire sunan takwarata daga takardar masu surutu, kuma a zaunar da ita kusa da yarinyar da ta fi kowa shan wahalar lissafi, ta riƙa yi mata bayani a hankali. Ta ce in sha Allahu, ta ce in shigo in zauna. Na ce a'a, in takwarata ta gan ni za ta rufe baki.

Na zaga bayan ajin na tsaya jikin bango, ƙarƙashin taga, inda ba mai ganina. Na daɗe a tsaye, rana ta fara zafi. Yara sun fi sittin a ciki, hayaniya kamar kasuwa. Can da aka ba su aiki ajin ya lafa, sai na tsinci muryarta a ciki, ƙasa-ƙasa, tana cewa wata, a'a, ba haka ba, tsaya in gaya miki. Na saurara har ta kai ƙarshe. Sannan na gyara mayafina na nufi bakin titi neman motar Kawo.